Hausar Jidda Da Injinan Da Ba Su Taɓa Jin Ta Ba

A zaurukan WhatsApp na Hausawa mazauna Jidda, ba baƙon abu ba ne mutum ya ci karo da saƙo mai kama da wannan: "Jama'a a taimaka, kafili ya yi wa ƙanwata hurub, iƙamarta ta mutu, jiya jawazat suka kama ta, an ce tana tarhil a Shumaisi." Wanda ya taɓa zaman Saudiyya, kafin ya kai ƙarshen layin ya san kuka ake yi. Ubangidan aiki ya kai rahoto cewa yarinyar ta gudu, takardar zamanta ta ƙare, jami'an shige da fice sun tsare ta, kuma tana gidan da ake ajiye waɗanda za a mayar ƙasashensu, can kan hanyar Jidda zuwa Makka. Bakanon da bai taɓa tsallake Bahar Maliya ba zai kama rabin zancen, ya cike sauran da hasashe. To, injin kwamfutar da aka horar da shi da rubuce-rubucen 'yan Najeriya a shafukan sada zumunta fa, me zai kama a ciki?

Tambayar ba ta wasa ba ce, domin irin waɗannan injina ne yau ke tsaye tsakanin mutum da abin da yake gani a wayarsa. Da su ake fassara, da su ake tace zagi da tunzuri, da su ake gano saƙon 'yan damfara, da su ake amsa tambayar mai tambaya. Yadda ake gina su kuwa ba sihiri a ciki. Ana ɗura wa kwamfuta rubutu mai ɗimbin yawa, a riƙa ɓoye mata kalma a cikin jimla ana sa ta cinka, tana kuskure ana gyara ta, har ta kai ga sanin wace kalma ce ke zama kusa da wace. Abin da aka ɗura mata shi ne iyakar saninta.

A nan Hausa ta fara shiga da ƙafar hagu. Lokacin da masu bincike na kamfanin Facebook suka fitar da injin XLM-R a shekarar 2019, sun horar da shi da harsuna 100, har da Hausa. Amma rubutun Ingilishi da aka ba shi ya kai gigabayit 300, na Larabci kusan 28, na Hausa kuwa bai wuce 0.3 ba. Wato a duk shafi ɗaya na Hausa da injin ya karanta, ya karanta kimanin shafi 1,000 na Ingilishi. Ɗan abin da ya samu ɗin ma, mafi yawansa Hausar gidajen jarida ce da ta fassarar littattafan addini, mai tsabta da ƙa'ida, wadda ba haka mutane ke rubutu ba idan suna cikin fushi ko raha da tsakar dare.

Masu bincike 'yan Afirka ba su zauna jiran kamfanoni ba. A 2021 Kelechi Ogueji da abokan aikinsa a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka gina AfriBERTa da harsunan Afirka 11, da rubutun da bai cika gigabayit ɗaya ba, suka nuna cewa ƙaramin inji da aka tsara shi domin harsunan kansu yana iya gogayya da manya. A 2022 Jesujoba Alabi da David Adelani da wasu a Jami'ar Saarland ta Jamus suka ɗauki XLM-R suka ƙara masa karatu da harsunan Afirka 17 tare da Larabci da Faransanci da Ingilishi, aka samu AfroXLMR.

Aikin da ya fi taɓa Hausa kai tsaye daga Kano ya fito. Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero, tare da Ibrahim Sa'id Ahmad da Idris Abdulmumin da Bello Shehu Bello da wasu da dama, sun gabatar da NaijaSenti a taron LREC na 2022 a birnin Marseille. Sun tattara saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga cikin harsuna huɗu, Hausa da Ibo da Yarbanci da Burokan Ingilishi, suka zaunar da 'yan asalin harshen suna karanta saƙo ɗaya bayan ɗaya suna sa masa alama: wannan yabo ne, wannan suka ce, wannan tsaka-tsaki. Kowane saƙo sai mutum uku sun duba shi. Aiki ne mai cin ido da cin rai, kuma duk wanda ya san yadda ake samun kuɗin bincike a jami'o'in Najeriya ya san abin a jinjina musu ne. Shekara guda bayan haka aikin ya faɗaɗa ya zama AfriSenti, mai harsuna 14 da saƙonni sama da 110,000, aka sa shi a gasar SemEval ta 2023, masu bincike daga ƙasashe daban-daban suka gwada injinansu a kan Hausar Twitter.

Sai kuma 2024, lokacin da Manuel Tonneau na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka fitar da NaijaHate, rumbun saƙonni kusan 36,000 da aka tantance domin gano kalaman ƙiyayya. Tare da shi suka fitar da NaijaXLM-T, injin da aka ƙara wa karatu da saƙonnin Twitter biliyan 2.2 na tsakanin 2007 da 2023. Abin da suka gano ya kamata ya sa kowa ya yi tsam. Makin da injina ke ci a jarrabawar ɗakin bincike, inda aka riga aka zaɓo saƙonnin da ke ɗauke da kalmomin zagi sanannu, ya ninka aƙalla sau biyu abin da suke iya yi idan aka sake su cikin ainihin ambaliyar rubutun yau da kullum. Sun kuma ƙiyasta cewa sai mutane sun duba saƙonni kimanin 10,000 da inji ya yi wa tuta a kowace rana kafin a kama kashi 60 cikin 100 na kalaman ƙiyayya a Twitter ɗin Najeriya. Ƙara wa inji karatu da rubutun wurin da zai yi aiki yana taimakawa ƙwarai, wannan ma binciken ya tabbatar. Darasin shi ne inji yana ƙwarewa ne a unguwar da ya tashi.

Ita kuwa unguwar, an zana mata iyaka. Saƙonni biliyan 2.2 ɗin nan an kwaso su ne daga masu shafukan da suka rubuta cewa a Najeriya suke zaune, kuma galibinsu da Ingilishi aka yi su. Hausar da ke ciki ta Kano ce da Kaduna da Abuja, wadda idan za ta yi aro daga Ingilishi take yi. Ba laifin masu binciken ba ne. Najeriya suka ce za su nazarta, ita kuma suka nazarta. Sai dai Hausa ba ta taɓa tsayawa inda taswirar Najeriya ta tsaya ba. Tana Maraɗi da Damagaram tana aro daga Faransanci, tana zangon Kumasi da Nima a Ankara, tana Sudan, tana kuma Hijaz tun kafin a yi wata ƙasa mai suna Najeriya.

Tarihin zaman Hausawa a Jidda tarihin hanyar Hajji ne. Alhazan dā da ƙafa suke tafiya, ta Borno da Wadai da Darfur, suna tsayawa noma da ƙwadago a hanya shekara da shekaru, su tsallaka teku daga Sawakin su sauka a Jidda. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ayarin masu hijira zuwa gabas ya ƙaru; ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, wasu kuma suka zarce har Ƙasa Mai Tsarki ba su komo ba. Jikokinsu ne yau ke ɗauke da sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi, 'yan ƙasar Saudiyya cikakku. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, 'yan wasa uku a tawagar Saudiyya sunan Hausawi suke amsawa: Usama, wanda shi ne kyaftin, da Umar da Mu'utaz. A kan waɗancan na farko aka samu sababbin zuwa bayan jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya: 'yan kasuwar da ake kira 'yan Kano-Jidda masu saro gwal da abaya da turare a kasuwannin Balad na Jidda, ɗalibai, masu aikatau, da waɗanda suka zo Umara suka zauna, waɗanda a gida ake ce wa takari.

Waɗannan mutane ba Hausa iri ɗaya suke rubutawa ba. 'Yar kasuwar da ke kai-komo tsakanin Kantin Kwari da Balad da boko take rubutu, amma lissafinta da sunayen kayanta da na ofisoshin da take bi duk da Larabcin Hijaz suke fitowa. Saurayin da aka haifa a unguwar Hindawiyya, wanda karatunsa duka da Larabci ya yi, idan zai rubuta wa kakarsa Hausa haruffan Larabci ne a yatsunsa, ba tare da ƙa'idojin ajamin da malaman zaure suka gada ba. Wani kuma Larabcin yake rubutawa da haruffan boko haɗe da lambobi, 3 a madadin ainun, 7 a madadin ha, ya tsoma Hausa a tsakiya. Da yawa ba sa rubutu sam. Saƙon murya suke aikawa, minti biyar, minti goma, kuma a can ne mafi yawan labarin al'ummar yake yawo.

Wayar ta ƙara nauyi tun daga ƙarshen 2021, lokacin da hukumomi suka fara rusau a unguwanni sama da 60 na Jidda, abin da mutanen gari ke kira hadad. Gulail, Betromin, Sabil, Karantina, Kandara, Hindawiyya, wuraren da baƙi 'yan Afirka suka yi shekaru da dama a ciki, duk buldoza ta bi ta kansu. Ƙungiyar Amnesty International ta ce abin ya shafi mutane kimanin rabin miliyan, kuma tsarin biyan diyya bai haɗa da waɗanda ba 'yan ƙasa ba. Maƙwabtan da dā ƙofa ke kallon ƙofa sun watsu, wasu gefen birni, wasu wasu garuruwa, wasu gida. Sanarwar rasuwa, gayyatar suna, cigiyar ɗaki, gargaɗin kame, abin da dā ake faɗa a ƙofar masallaci bayan Magariba, yanzu sai ta waya.

Mutum zai yi tsammanin abin da injinan Najeriya suka rasa, na Larabawa za su cike. Larabci ya yi nisa a wannan fage. MARBERT, wanda Muhammad Abdul-Mageed da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar British Columbia a 2021, saƙonnin Twitter na Larabci biliyan ɗaya ya karanta, da karin harshen ƙasashe daban-daban. Hukumar SDAIA ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2019, ta gina ALLaM. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fitar da Jais a 2023. Jami'ar KAUST tana nan a Suwal, kilomita kusan 80 arewa da Jidda, da manyan kwamfutocin da jami'o'in Afirka ke mafarkinsu. Amma dukkan waɗannan Larabci da Ingilishi aka sa musu a gaba. Idan aka zo tace rubutun da za a horar da injin Larabci, saƙon da rabinsa Hausa ne shara ake ɗaukarsa a zubar. Idan aka zo tattara na Najeriya, saƙon da aka aiko daga Jidda yana wajen da'ira. Ko AfroXLMR, wanda ya karanta Hausa ya kuma karanta Larabci, daban-daban ya karanta su, kowanne cikin rigarsa ta jarida.

Abin da ya sa wannan giɓi ke da ciwo shi ne Saudiyya ba ta jahilci matsayin Hausa ba. Cibiyar Sarki Fahad ta Madina ta buga tarjamar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi an raba ta kyauta ga alhazai shekara da shekaru, kuma Hausa na cikin harsunan da ake fassara huɗubar Arfa zuwa gare su. Hausar mumbari ta samu kujera. Ta mai shara, ta mai raino, ta tsohuwar da ta ɓata a filin jirgi, ita ce ba a waiwaya ba.

A duba abin da ke faruwa duk shekara a lokacin Hajji. Najeriya ta samu kujeru 95,000 a Hajjin 2023 da na 2024, kaso mai tsoka daga cikinsu Hausa ce harshen da suke tunani da shi, ga kuma alhazan Nijar. Da yawansu ta tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz suke shiga ko fita. Izini da kati da jadawali duk sun koma manhajar Nusuk. A Hajjin 2024, mutum 1,301 suka rasu a cikin tsananin zafin rana, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin Hajji, wato waɗanda dillalai suka shigo da su ta bayan fage, ba tanti ba motar sanyi. Tallan irin wannan hanya a shafukan sada zumunta ake yinsa, kuma wanda aka nufa da shi Bahaushe, da Hausa mai gaurayen Larabci yake zuwa: akwai bizar ziyara, akwai tasrihi, akwai mai tsallakar da kai shingen bincike. Injin da zai gane wannan talla tun kafin ta kai wayar manomin da ya sayar da gonarsa, dole sai ya taɓa ganin irinta.

Haka batun cin zarafi. Nawal Hausawi, 'yar Makka mai lasisin tuƙin jirgin sama, ta kai ƙara kotu bayan wata mata ta kira ta baiwa a wani taro a 2013, daga baya kuma ta sha ruwan zagi a Twitter saboda launin fatarta. Injin da aka koya wa gane ƙiyayyar Najeriya ya san zagin da ake yi wa Fulani da Ibo da Yarbawa, ya san na tsakanin Musulmi da Kirista. Zagin da ake yi wa jinin Bahaushe a Hijaz da wasu kalmomi ake yinsa, a wani harshe, kuma sunan takari kansa yana iya zama kira na zumunci a bakin wani, ya zama wulaƙanci a bakin wani. Mutumin da ya tashi a cikin al'ummar ne kawai zai iya zama ya bambance wa inji.

Akwai wata fuska da bai kamata a rufe ido a kanta ba, kuma ita ce ta fi nauyi. Mutane da yawa cikin masu wannan Hausa ba su da cikakkun takardu. Rashin gane maganarsu da inji ke yi, a wani ɓangaren, sutura ce gare su. Ƙasar da suke ciki kuma ba ta wasa da abin da aka rubuta a intanet. A 2022 an yanke wa Salma al-Shehab, ɗaliba a Jami'ar Leeds, ɗaurin shekara 34 saboda saƙonninta na Twitter, kafin daga baya a rage. Injin da ya iya gano tallan ɗan damfara, shi ne dai zai iya gano gargaɗin da mata ke yi wa juna cewa ana kame a unguwa kaza. Saboda haka hanyar da aka bi a baya, ta kwasar rubutun jama'a da yawa ba tare da saninsu ba, ba ta dace da Jidda ba ko kaɗan. Ita kanta hanyar ta riga ta nuna rauninta: gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sannan a 2023 kamfanin ya toshe ƙofar da masu bincike ke samun bayanai kyauta. Dama can Hausawa sun fi yawa a Facebook da TikTok da WhatsApp.

Abin da zai yi aiki ya fi wuya, ya fi tsada, amma ya fi mutunci. A nemi mutane da yardarsu, a biya su, su rubuta ko su faɗi irin maganar da suke yi kullum, a goge sunaye da lambobi da unguwanni, a bayyana musu abin da za a yi da ita da abin da ba za a yi ba. A fara da inda amfanin ya fito fili kuma haɗarin ya yi ƙaranci: tambayoyin alhazai, bayanin asibiti, haƙƙin ma'aikaci a dokar ƙwadago, tallan damfara da mutane suka kawo ƙara da kansu. Masu sa alama su kasance 'ya'yan al'ummar, maza da mata, waɗanda suka san lokacin da kalma ke cizo da lokacin da take shafa. A kuma ba murya fifiko a kan rubutu, tunda da ita ake magana.

Masu iya wannan aiki suna nan, ba sai an nemo su daga nesa ba. Ƙungiyar HausaNLP da Masakhane sun riga sun nuna sun iya tsara rumbun bayanai da duniya ke dogaro da shi. Jami'ar Sarki Abdul'aziz tana cikin Jidda tun 1967, da sashen kimiyyar kwamfuta da ɗalibai jikokin Hausawa. Hedkwatar Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da ta Bankin Raya Ƙasashen Musulunci duk a Jidda suke, Najeriya da Nijar kuma mambobi ne a dukkansu. Hukumar Alhazai ta Najeriya tana jin koke da tambayoyin dubban mutane da Hausa a kowace shekara, su wuce ba tare da an adana su ta hanyar da za ta amfani na baɗi ba. A Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, injin da aka gina domin Hausa da Yarbanci da Ibo da Ingilishin Najeriya, kuma ya dace a tambayi masu kula da shi ko Hausar 'yan ƙasa mazauna waje tana cikin shirinsu.

Kira na farko dai ga Jami'ar Bayero yake, tunda daga can aka fara. Ta nemi takwararta ta Jidda, su zauna da shugabannin al'ummar Hausawa na birnin kafin a ɗauki kalma ko ɗaya, Hukumar Alhazai kuma ta sa wannan aiki cikin kasafinta na Hajji mai zuwa.